Hasashen Bara a Allon Yaya

Zuwa ga ɗana, abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba, Ya kuma sanya albarka a cikin aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan muna nan yadda ka san mu, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta hagu ta ƙi daɗi, amma tana kai ni inda zan je tana dawo da ni, ban kuwa nemi fiye da haka daga gare ta ba. Yayarka Malama tana fama da makarantarta, daga can kuma ta wuce gidanku kullum kafin ta koma nata. Mahaifiyarka tana tsaye da ƙafafunta, sai dai ta rame. Mahaifinka kuwa, Yayana, shi ne dalilin wannan takarda.

Na zaɓi in rubuto maka da hannuna maimakon in kira ka, domin sau huɗu ina ɗaukar waya da niyyar faɗa maka gaskiya, sau huɗu ina ƙarewa da tambayarka lafiyar yara. A waya kunya takan riƙe mini harshe, alƙalami kuwa ba shi da kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina so ka karanta ta a zaune, har ƙarshe, kafin ka yanke wa kowa hukunci, ni ne kuma na fi cancanta da shi.

Ba sai na tuna maka ko wane ne mahaifinka ba, amma zan faɗa domin ka auna nauyin abin da muka taɓa. Shekara talatin da biyar ya yi a ofishin auna yanayi, yana leƙa kwalbar ruwan sama kowace safiya yana rubutawa, har maƙwabta suka sa masa Malam Hadari, suna tsokanarsa cewa duk ranar da ya ce ba za a yi ruwa ba, ranar ce mata za su kwashe shanya da wuri. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karɓe masa hannun dama da harshe, kai ne ka zo ka yi kwana tara a durƙushe a falo da ƙananan sukurori a cikin murfin kwano, ka harhaɗa masa kwamfutar nan siririya ka jona ta da babban allo. Ka sa mata katin da ke kamo tasha daga eriya, ka tsara ta yadda kowace yamma za ta naɗi minti biyar ɗin nan na hasashen yanayi ita kaɗai, ka liƙe duk maɓallan rimot da salatif ka bar masa uku: tsaya, koma baya, ci gaba. Tun daga ranar, da ƙarfe shida yakan saurari matar nan mai hasashe sau uku, domin sau ɗaya ba ya isar kansa yanzu, ya rubuta alƙalumanta da hannun hagu a littafinsa, washegari ya gwada su da abin da sama ta yi. Inda suka yi kuskure sai ya zagaye da biro, ya yi dariyar nan tasa ta rabin baki. A wannan lokacin ne kuma mahaifiyarka take samun bakinsa a buɗe, ta ba shi abinci da maganin hawan jini ba tare da gardama ba. A taƙaice, minti biyar ɗin nan su ne turken da aka ɗaure duk yininsa a kai.

Ka san abin da ya faru kusan wata uku da suka wuce, da aka kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye aka koma na dijital, allon ya zama yayyafin toka. Mun fara gwada akwatin dikoda irin na kowa. Hoto ya fito tangaran, amma ba ya tsayawa ba ya komawa baya, rimot ɗinsa kuma maɓallai arba'in ne kamar ƙwayar gero. Kafin Yaya ya ɗaga biro matar ta yi sallama. A rana ta biyu ya ture rimot ɗin ƙasa. Da aka gaya maka, ka ce kada mu sayi kome a kasuwa, za ka zaɓo kati mafi kyau da kanka ka aiko. Mun jira mako shida. Ban ga laifinka a jiran ba, domin duk lokacin da ka tambaya cewa muke yi jiki da sauƙi, mai sauƙi kuwa ba a yi masa gaggawa.

Ranar da katin ya iso na kira mai gyaran nan da ake ce wa Injiniya, dattijo mai shago a layin masu gyaran kayan lantarki, wanda tabaransa ke ɗaure da zare. Ya juya kwalin a hannunsa, ya yaba, ya ce wannan kati mai kunne huɗu ne, zai iya kama tasha huɗu a lokaci guda, ɗanmu bai yi rowa ba. Ya buɗe kwamfutar ya dasa shi, ya sa ta neman tashoshi. Muna zaune muna kallon ɗan layin nan yana tafiya daga hagu zuwa dama har ya kai ƙarshe, bai kamo kome ba. Ya hau rufi ya juya eriya, ya sauko ya sake, haka. Ya canza waya, haka. Sai ya ɗauko kwalin ya kusantar da shi ga idonsa ya karanta ƙananan rubutun da ke gefe, ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce katin lafiyarsa ƙalau, amma an ƙera shi ne don tsarin watsawar ƙasar da kake, namu kuwa wani tsari ne dabam. Ya ce kamar a kawo baƙo mai kaifin ji ne a zaunar da shi cikin mutanen da bai san yarensu ba, ko kunnuwansa goma ne ba zai tsinci kome ba. Na tambaye shi ko akwai dabara, ya ce dabara ɗaya ce, a mayar da shi inda ya fito.

A nan ne muka ɓata. Mahaifiyarka ta ja ni tsakar gida ta ce mako shida ke nan tana lallashin Yaya da cewa saƙon ɗansa yana hanya, shi ya sa yake karɓar ɗan abin da yake karɓa, ba za ta iya shiga ta ce masa saƙon ya zo bai yi ba. Ta ce kai ma kada a gaya maka, ka yi ɗawainiya, ba a saka wa mai kyauta da baƙin labari. Malama ta ambata cewa ai duk hasashen da kwamfutar ta naɗa tun farko yana nan a cikinta, ba a goge ko ɗaya ba. Ita ambatawa kawai ta yi. Ni ne na ɗauki maganar na mai da ita shawara. Na ce matar ba ta faɗin kwanan wata, yau da gobe kawai take cewa, a riƙa kunna masa na bara, rana bisa rana, tunda damina ɗaya take da 'yar'uwarta, har mu samu katin da ya dace a hankali. Na ce kwana biyu ne. Da ka kira a cikin wancan makon, ni ne na ce maka katin ya iso, ya yi, Allah Ya yi maka albarka. Addu'ar gaskiya ce, sauran ba gaskiya ba ne.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ya kamata, wannan ne ya sa muka saki jiki. Ranar farko da hoton ya fito Yaya ya nuna allon, ya nuna hotonka da ke bango, ya ci abincinsa tas. Kwana biyun da na ce suka zama goma sha tara. Mun manta abu ɗaya, ɗana, wanda da mun tsaya mun yi tunani na minti guda da mun tuna: ana iya yaudarar kowa da ruwan bara, ban da mutumin da ya rubuta shi. Tun a mako na biyu na lura zagayen biro ya yi yawa a littafin, dariyar kuma ta ɗauke. Ranar ta goma sha tara ina wurin. Matar ta ce gobe za a yi ruwa mai ƙarfi da iska daga gabas, ta faɗi alƙalumanta. Ya rubuta na farko, ya rubuta na biyu, sai biron ya tsaya. Ya mayar da ita baya ya sake ji. Sannan ya nuna kantar da tsoffin littattafansa suke jere a kai, ya yi ta nunawa har Malama ta gane na bara yake so. Ba yadda ta iya, ta miƙo masa. Ya ɗora shi a cinya, ya yi ta buɗawa da yatsa ɗaya har ya kai shafin, ya ajiye littattafan biyu gefe da gefe. Ya koma shafin jiya, ya koma na shekaranjiya. Bai yi ihu ba, da ma ba shi da abin yi da shi. Ya dubi mahaifiyarka, ya dubi Malama, ya dube ni, ni ya fi daɗewa a kaina. Sannan ya rufe littattafan ya sa rimot a kansu ya ture su gefe. Shekarata saba'in da ɗaya, ba a taɓa yi mini kallon da ya sa na raina kaina irin wannan ba.

Daga wannan yamma ya daina karɓar magani daga hannun kowa a cikinmu. Idan mahaifiyarka ta kawo ƙwayar sai ya juya ta a tafin hannunsa, ya dube ta, ya ajiye. Na fahimci lissafinsa, lissafin mai hankali ne: waɗanda suka ba shi bara suka ce bana ce, me zai hana su ba shi wani abu su ce magani ne. Abinci sai cokali biyu ko uku, shi ma sai in ya ga an ɗebo daga kwanon da wani ke ci. Ruwa sai wanda aka buɗe murfinsa a gabansa. Na durƙusa gabansa na ba shi haƙuri, na ce ni na kitsa, kada ya riƙe matarsa da 'yarsa. Ya saurare ni har na gama, kamar yadda ake sauraron mai talla.

Washegari na tafi shagon Injiniya tun da hantsi, na ce masa yau ba zan bar wurin ba sai da katin da zai yi. Ya share teburinsa ya jera mini guda uku. Na farko ɗan ƙarami ne kamar yatsa, ana soka shi ta bayan kwamfuta ba sai an buɗe ta ba. Ya ce yana jin yaren tasharmu, amma yakan yi zafi, in ya yi zafi kuma yakan sume sai an zare an mayar, ya ce irin wannan na samari ne masu haƙurin tashi su zauna. Na ce majinyacinmu ba ya tashi. Na biyu babba ne mai kyan gani, har na miƙa hannu, sai ya ce in dakata, wannan na farantin tauraron ɗan'adam ne, zai kawo mana tashoshin duniya duka ban da wadda muke nema, domin ita ta eriya kaɗai take zuwa. Ya ce mutane da yawa a nan suke faɗawa, su sayi kati don girman kwalinsa. Na uku tsohon yayi ne, kwalinsa har ya koɗe, mai kunne biyu. Ya ce shi na eriya ne, na tsarinmu ne, kuma yana naɗar hoto da ƙarfin kansa ba ya jibga wa kwamfuta nauyi, abin da ya dace da tsohuwar na'ura irin tamu.

Ban yarda da baki ba wannan karon, gani ya kori ji. Na sa shi ya nuna mini da yatsa inda aka rubuta sunan tsarin a jikin kwalin, na kwafa a takarda, muka gwada shi harafi da harafi da wanda ke bayan dikodar da muka ajiye, tunda ita ta kama tashar. Suka dace. Na tambaye shi ko kwamfutar za ta gane shi, ya ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi ke nan kuma ba mai yi, domin kati ba ya aiki sai da manhajar da ke gabatar da shi ga kwamfuta, wasu kuwa masu ƙera su sun daina yi wa tsoffin na'urori. Ya bincika a gabana ya samu akwai. Sai matsala ta ƙarshe: ƙarfen da ke riƙe katin dogo ne, akwatin da ka zaɓa kuwa siriri ne, murfin ba zai rufu ba. Ya zazzage wata tsohuwar gwangwani cike da tarkace har ya samo gajeren ƙarfe, ya goge shi da zarto ya daidaita ramin sukurun. Yana yi yana mita cewa ɗanmu ya gina gida mai kyau amma ya yi wa ƙofar rowa. Ban iya yin dariya ba, ya dube ni, bai kuma ƙara wasa ba har muka isa gida.

Ranar Alhamis aka dasa shi. Na sa aka yi kome a gaban Yaya, aka juyo da kujerarsa, ya ga an cire naka an sa wannan, ya ga layin neman tasha yana tafiya, ya ga sunayen tashoshi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya mayar da maɓallan nan uku yadda ka tsara su. Da ƙarfe shida matar ta fito, ta yau, ta gaskiya. Na ce masa Yaya, wallahi wannan ta yau ce. Bai ɗauki biro ba, amma ya saurara, na ga idonsa a kan allon. Ta ce gobe da la'asar za a yi ruwa a yankinmu. Na ce a raina Allah Ya kawo mana shaida daga sama, wadda ba hannunmu a ciki.

Ranar Juma'a tun azahar na sa aka buɗe tagar falo aka ɗage labule, na zauna kusa da shi. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, har iska ta fara kaɗa shanyar maƙwabta. Mahaifiyarka tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci a rufe. Muka jira. Wajen ƙarfe biyar hadarin ya yi kudu, ya watse, rana ta fito fes a kan bangon gidan da ke kallonmu. Ko ɗigo bai sauka ba. Masu hasashe sun yi kuskure ne kawai, irin wanda suke yi sau ɗaya a mako, irin wanda shi kansa ya sha yi aka yi masa dariya a layi. Da a watannin baya ne da ya zagaye shi da biro ya ji daɗin yininsa. Amma mu mun riga mun cinye amanar da ake auna irin wannan da ita. Ya dube ni, ya juyar da fuskarsa bango. Mahaifiyarka ta koma da kwanon.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan rabonsa da magani. Katin yana aiki ba tangarɗa, kowace yamma yana naɗa, ba mai kallo. Shekaranjiya da safe ya nuna ɗan allon rubutun da muke ajiye masa, na miƙa, ya daɗe yana fama da alli, ya rubuta sunanka, a ƙarƙashinsa kuma kalma biyu, yana tambaya ko ka sani. Na ce masa ba ka sani ba, mun ɓoye maka kamar yadda muka ɓoye masa. Ya bar allon a cinyarsa bai goge ba, wato amsata ba ta shiga ba. Malama ta ce a kira ka a waya mai hoto ka faɗa masa da bakinka, har ta ɗauko wayar ta nufo shi. Ya ɗaga hannun hagu ya tare. Na gane nufinsa kafin ita: duk abin da ya fito daga cikin na'ura yanzu, a wurinsa yana iya zama na bara. Mu muka koya masa haka.

Saboda haka, ɗana, ba kati nake nema daga gare ka ba, ba kuma wani saƙo ba. A duk gidan nan kai kaɗai ne bai kama da ƙarya ba, kuma bai tabbatar ba tukuna. Ina roƙonka ka nemi izini a wurin aikinka ka zo, ko na kwana uku ne, ka zauna inda hannunsa zai iya taɓa ka, ka ce masa ka yi kuskuren zaɓen kati, mu kuma mun yi abin da ya fi kuskure muni, kuma ba da saninka ba. Sannan ka ɗauki ƙwayar maganin ka ba shi da hannunka. Ban yi maka alkawarin zai karɓa ba, na daina yin alkawari a kan abin da ban sani ba. Na san tafiyar ba ƙarama ba ce, na san kuma ni da na jawo ba ni da bakin yin umarni, shi ya sa na ce roƙo. Idan kana da fushi, ka ajiye mini shi, zan karɓa duka bayan ka fito daga ɗakinsa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ba ta haƙurin wannan labari. Ka gaishe da takwarana, ka ce masa na ji ya fara karatu da kansa. Ka gaishe da amaryata ƙarama, ka ce angonta tsoho bai sake ta ba, hidima ce ta yi masa yawa. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta san ina rubuta wannan takarda, ba ta hana ni ba, ba ta kuma iya zama a ɗakin ba. Malama tana gaishe ka, ta ce ita za ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka yau ɗin nan, domin ba mu da kwanakin jiran gidan waya.

Likita ya zo jiya ya auna Yaya, bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ya ce in ba a samu canji ba, ranar Laraba zai dawo a kai shi asibiti a zura masa roba ta hanci, ko yana so ko ba ya so, ya kuma bar mini takardar da zan sa wa hannu. Tana nan a aljihuna. Na yi wa Yaya abu ɗaya a bayan idonsa, ba zan yi na biyu ba sai na ji daga gare ka.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya yafe mana, Ya kawo ka lafiya.

Ni ne naka,
Baffanka